Shiru Ma Magana Ce

A Oulu, da hunturu, rana ba ta zama,
takan leƙo kamar baƙuwa mai kunya, ta koma.
Ni ce Ritva Ollila, jaka a kafaɗa,
gida dubu aka rubuta mini,
ƙofa dubu, da tambaya guda a ƙasan takarda:
Shin kana jin daɗin rayuwarka?

Ɗari huɗu da sha biyu suka amsa.
Suka ba ni kofi da burodi mai kirfa,
wata tsohuwa ta jera mini hotunan jikoki bakwai
har na manta layin da na tsaya.
Na tara, na auna, na raba,
lissafi ya ce garin nan kowa lafiya lau.
Shugabana Jorma ya yi murmushi, ya ce a buga.

Na ce a dakata.
Wanda ya zo biki shi ke yabon girki.
Sauran ɗari biyar da tamanin da takwas fa?
Na san ƙofofinsu, ban san muryoyinsu ba.
Akwai wadda na buga sau shida a unguwar Tuira,
takalmi ɗauke da ƙanƙara a bakin ƙofa,
rediyo na magana a ciki,
ina danna ƙararrawa ya yi tsit.

Sai muka nemi izini, aka buɗe mana rajista,
an goge sunaye, an bar lambobi tsirara.
Littafin haraji, littafin aiki, littafin gidaje,
muka jera su gefe da gefe
kamar mai haɗa yagaggen zane,
kowanne ya faɗi ɗan abin da ya sani.

Waɗanda suka buɗe mini, in ji littattafan,
yawanci masu gidan kansu ne,
masu fansho, masu lokacin zama.
Waɗanda suka yi shiru kuwa,
samari ne 'yan haya, adireshi uku a shekara biyu,
da masu aikin dare a masana'anta
da ke barci lokacin da nake bugun ƙofa,
da maza 'yan shekara hamsin, su kaɗai a ɗaki,
ba albashi tun bara,
da baƙin da wasiƙarmu ta iske
cikin harshen da ba su kai ga karantawa ba.

Ashe taru na jefa mai manyan idanu,
na ƙirga kifin da ya maƙale
na ce haka teku yake.

Jorma ya ce, to, a ƙara wa 'yan kaɗan ɗin nauyi,
saurayi ɗaya da ya amsa ya tsaya wa huɗu.
Muka yi.
Lambar jin daɗi ta sauko taki biyu,
a hankali, kamar mai bin matakala mai santsi.
An matsa kusa da gaskiya, na yarda,
amma hankalina bai kwanta ba.
Saurayin da ya buɗe, ai mai buɗewa ne,
ta yaya zai ari bakin wanda ya kashe rediyo?
Rajista ta san abin da ke aljihun mutum,
ba ta san abin da ke hana shi runtsawa ba.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
ni kuwa katako na gani, da lambar gida.

A ƙasan jadawali na rubuta da ƙananan baƙaƙe:
A nan akwai mutanen da muka ƙiyasta, ba mu ji su ba.
Jorma ya so ya goge, ya karanta sau biyu, ya bari.

Da ƙanƙara ta fara narkewa na bi ta Tuira a keke.
Ƙofar nan a buɗe take wangalau.
Wani mutum mai furfura a gemu na fito da kwalaye,
rediyon a hammatarsa, wayar na jan ƙasa.
Ya dube ni, ya gyaɗa kai.
Tambayar tana bakina.
Na riƙe masa ƙofa har ya wuce.